In Kunne Ya Ji

Tun ranar da labari ya isa Fika cewa jami'a ta ba ni digirin dakta, mutanen gidanmu suka ɗora mini nauyin da ban yi karatunsa ba. Na yi bayani har na gaji cewa ni daktan adabi ne, aikina nazarin waƙa da zube da wasan kwaikwayo, ban taɓa riƙe allura ba balle in tsira wa wani. Duk da haka, in yaro ya kwana da zazzaɓi ni ake kira a waya, in kuma an rubuto wa tsohuwa magani ni ake tambaya ko mai kyau ne. Mahaifina kaɗai ya gane bambancin, shi ya sa yakan zolaye ni da "Daktan da ba ya allura." Amma ko shi ɗin, ranar da ciwo ya kai shi gaban likitocin zuciya, ni ya waiwaya ya duba, ya mai da ni kunnensa da bakinsa. Abin da na yi da wannan amana shi ne dalilin wannan rubutu.

Baba tela ne, gwanin aikin wuyan riga da ɗinkin hula. Tun da fadar Mai Fika ta koma Potiskum a 1924, mutanen garinmu suke da ƙafa ɗaya a can, shi ma a kasuwar Potiskum ya yi shekarun ƙarfinsa, sai da girma ya zo ya tattara kekensa ya dawo gida. Ya haura saba'in, yana fama da ciwon sukari da hawan jini, amma bai ajiye allura da zare ba. A hunturun 2022 ya fara jin nauyi a ƙirji, kamar an aza masa dutsen niƙa, duk lokacin da ya taka zuwa masallaci. In ya tsaya ya huta sai abin ya lafa. Daga wannan asibiti zuwa wancan, har aka tura mu wani asibiti a Abuja inda ake da ɗakin leƙa jijiyoyin zuciya. Kafin mu tashi sai da aka kai shanu biyu kasuwar Potiskum, 'yan'uwa kuma kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa.

Likitan da ya karɓe mu saurayi ne mai natsuwa, ba ya jin Hausa. Baba kuwa Bolanci da Hausa ne harsunansa, Turancinsa bai wuce na lissafin yadi ba. Saboda haka na zauna a tsakaninsu a matsayin tafinta. Likita ya zana zuciya a takarda, ya nuna mana ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ita kanta da jini, ya ce ana zaton kitse ya ƙuntata ɗaya daga cikinsu. Za a zura wani siririn bututu ta cikin jijiyar jini har ya kai bakin waɗannan jijiyoyi, a tura wani ruwa mai bayyana a hoto, a ga inda hanya ta tsuke. In an samu wurin, sai a buɗa shi da ɗan balan-balan, a bar wata 'yar ragar ƙarfe a ciki ta tokare bangon jijiyar.

Daga baya na bi tarihin wannan aiki, na tarar ya fi wasu ƙagaggun labaran da nake koyarwa ban mamaki. A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, a garin Eberswalde, ya zura bututu ta jijiyar gwiwar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto domin ya kafa hujja. Manyansa sun ɗauke shi mai ganganci, amma a 1956 ya sami lambar Nobel tare da André Cournand da Dickinson Richards. A 1977 Andreas Grüntzig ya fara buɗa jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurich. Shekara da shekaru, babbar ƙofar da ake bi ita ce jijiyar gindin cinya, wadda take da faɗi amma tana can ciki, in ta ɓalle da jini tsai da shi sai an sha wuya, majiyyaci kuma sai ya yi sa'o'i a kwance ba motsi. A 1989 Lucien Campeau na Montreal a Kanada ya ba da rahoton majiyyata 100 da ya yi wa hoton ta jijiyar wuyan hannu, wato wadda ake dafawa a gindin babban yatsa domin a ji bugun jini. A 1992 Ferdinand Kiemeneij na Amsterdam ya fara buɗa jijiyar zuciya ta wannan ƙaramar ƙofa. Wani babban bincike mai suna RIVAL, wanda aka buga a 2011 a kan majiyyata 7,021, ya nuna cewa munanan matsalolin wurin huda sun sami kashi 1.4 cikin 100 na waɗanda aka bi ta hannunsu, alhali na cinya sun kai kashi 3.7. Don haka kada mai karatu ya zaci na zo kushe wannan hanya ne. Ita ce mafi aminci, kuma da za a sake, ita zan zaɓa wa Baba.

Da na gaya wa Baba cewa ta wuyan hannu za a shiga, ba sai an kware masa zane a gaban 'yan mata ma'aikatan jinya ba, sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Wannan yaro ya san mutunci." Har zuwa nan ban rage kome ba a fassarata.

Daga nan likita ya jawo takardar amincewa, ya shiga lissafa abubuwan da kan iya biyo baya, ɗaya bayan ɗaya, bai ɓoye kome ba. Ya ce jijiyar wuyan hannu siririya ce, kaurinta milimita 2 zuwa 3 ne, kuma bangonta na da tsoka, saboda haka takan murɗe ta damƙe bututun har majiyyaci ya ji zafi. Ya ce takan toshe bayan an gama, ga mutum 1 zuwa 10 cikin 100 gwargwadon binciken da aka duba, kodayake yawancinsu ba sa ma sanin ta toshe. Ya ce jini kan taru a ƙarƙashin fata, ko wayar da ke yi wa bututun jagora ta ƙwarzani wani ƙaramin reshe ya riƙa tsiyaya a ɓoye. Ya ce a wasu lokuta ƙalilan ƙwarai jinin kan cika hannun har ya shaƙe tsoka da jijiyoyin ji, abin da kan kai ga tiyatar gaggawa. Ya ambaci bangon jijiya da kan yi ƙulli kamar ƙwai, da lahanin da ruwan hoton kan yi wa ƙodar mai ciwon sukari, da shanyewar ɓarin jiki, da mutuwa, waɗanda ya ce da wuya ainun su auku. Ya ɗauki kamar minti biyar yana magana. Baba ya dube ni ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Baba, cewa ya yi ƙaramin aiki ne, kamar a yi wa mutum allura. Sai dai a yi addu'a."

Baba ya ɗan yi shiru, ya ce, "Duk wannan dogon zance?" Na ce ai haka Turanci yake, ba ya faɗin abu a taƙaice. Muka yi dariya, har likita ya taya mu ba tare da ya san abin da ake wa dariya ba. Na nuna wa Baba inda zai sa hannu.

Na sha tambayar kaina dalilin da ya sa na yi haka. Akwai tsoro: na san halinsa, in ya ji an ambaci lahani ga hannunsa na dama, hannun da ya ciyar da mu, yana iya miƙewa ya ce a mai da shi gida, ga shanu an riga an sayar. Akwai kunya: a tarbiyyar da aka yi mana, ɗa ba ya duban tsabar idon mahaifinsa ya lissafa masa hanyoyin mutuwarsa. Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan muni, wanda na daɗe ban yarda da shi ba, wato girman kan mai ilimin boko, wanda ke ganin ya isa ya tace wa tsoho abin da ya kamata ya sani game da jikinsa.

Aikin bai kai awa guda ba. Baba ya ce a tsakiya ya ji kamar ana jan igiya a cikin hannunsa, aka ƙara masa magani jijiyar ta saki. An sami wurin da ya tsuke, an sa ragar. Aka fito da shi da wani ɗan madauri na roba mai iska a wuyan hannu, wata ma'aikaciyar jinya tana zuwa jifa-jifa tana rage iskar da sirinji. Na karanta daga baya cewa hikimar ita ce a danne hudar daidai yadda jini ba zai fito waje ba amma ya ci gaba da gudana a ciki, dabarar da wani likita a Amurka, Samir Pancholy, ya nuna a 2008 cewa tana rage toshewa. Kashegari aka sallame mu. Ma'aikaciyar ta ba ni takarda, ta bi ta da ni layi-layi: kada ya ɗauki abu mai nauyi da hannun ko ya dogara a kansa na 'yan kwanaki, kada ya tsallake ƙwayoyin asfirin da kilofidogirel masu hana jini daskarewa a kan ragar, in an ga kumburi, ko zafi mai ƙaruwa, ko yatsu sun yi sanyi ko sun mutu, a kira lambar da ke ƙasa nan take. Da ta ji nisan garinmu, ta ba da shawarar mu ƙara kwana biyu a Abuja. Na juya na ce, "Baba, ta ce a riƙa kula da hannun." Maganar ƙarin kwana kuwa na haɗiye ta, domin kuɗin masauki ya ci aljihuna, ga takardun jarrabawar ɗalibai na jirana, shi kansa Baba hankalinsa ya yi gida.

Daga Abuja zuwa Fika tafiya ce ta fiye da kilomita 600: Keffi, Akwanga, a hau tsaunin Jos, a gangara Bauchi, a wuce Darazo zuwa Potiskum, sa'an nan a karya kudu. Mun tashi da asuba. A Bauchi muka tsaya salla, na ga Baba ya dafa ƙasa da hannun dama ya miƙe, ya ɗan runtse ido. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Gajiyar mota ce." Ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe. Ban matsa ba. Mutumin da aka gaya wa allura ce kawai aka yi masa, ta yaya zai yi raki a gaban ɗansa da direba saboda zafin allura?

Mun isa gida bayan isha'i, zaure cike da 'yan sannu da zuwa. Kowa ya shigo sai ya kama hannun Baba da hannu biyu ya girgiza, yana barka da arziki, shi kuma yana amsawa da fara'a. Da aka kawo tuwo ya ce ya ƙoshi. Inna ce ta gano. Ta san mijinta ba ya ƙin miyar kuka bayan doguwar tafiya, ta kuma san ba zai ci da hagu a gaban mutane ba. Da jama'a suka watse ta aiko aka kira ni, ta ce, "Je ka ce ya nuna maka hannunsa."

Da ya naɗe hannun rigar, sai da gabana ya faɗi. Daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, fatar tana ƙyalli, ta yi duhu. Nan da nan ɗakin ya cika da shawara. Kawuna ya ce mataccen jini ne, a kira wanzami ya yi ƙaho. Wata gwaggo ta ce a gasa da ruwan zafi. Wani ya ce ƙwayoyin Turawan nan ne suka tsinka masa jini, a daina ba shi. Sa'an nan duk suka juyo gare ni: "Dakta, me ka gani?" A lokacin ne na laluba aljihu na ciro takardar da ta yini a jikina, na karanta ta da hasken waya, na ga duk abin da ke gabana a rubuce.

Likitan ya ɗauki waya, ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta wuce. Ya ce kada a kuskura a tsaga, domin mai shan waɗannan ƙwayoyi in an yanke shi jinin ba ya tsayawa da wuri. Kada a gasa. Kada kuma a daina ƙwayoyin, domin ragar na iya toshewa zuciya ta buga. Ya tambaya ko akwai mai abin awon hawan jini a kusa. Aka taso wani maƙwabcinmu, tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya. Likita ya sa shi ya ɗaura abin a kan kumburin, ya hura shi ya tsaya ƙasa kaɗan da babban adadin awon jinin Baba, ya bar shi minti 15, ya saki, ya sake. Ya ce a ɗaga hannun bisa matashi, a zagaye iyakar kumburin da biro, a riƙa auna kaurinsa. Da tef ɗin awon Baba, wanda ke rataye a jikin keken ɗinki, muka yi awon. Ya ce a miƙar da yatsun a hankali a ga ko zafin zai tsananta. Ya bayyana mini cewa tsokokin wannan sashe na hannu suna cikin wata jaka ce marar miƙewa. In jini ya cika ta, sai ya matse hanyoyin da ke ciyar da tsokar, cikin 'yan sa'o'i ta fara mutuwa, hannu ya ƙandare har abada. Ya ce kada mu jira gari ya waye, mu kai shi inda akwai likitan tiyata.

A wannan karo, a cikin mota kan hanyar Potiskum, na fassara wa Baba kome, kalma bayan kalma. Bai ce uffan ba. Allah ya taimake mu, kumburin ya tsaya a inda biro ya zagaye, yatsun ba su daina ji ba, ba a kai ga tiyata ba. Ya kwana uku a asibiti, hannun ya yi makonni kafin ya saɓe.

Da muka koma Abuja aka duba da na'urar hoto, sai aka tarar jijiyar ta toshe. In ka dafa gindin babban yatsan Baba na dama a yau, ba za ka ji bugu ba. Hannun yana raye ne saboda Allah ya yi masa hanya biyu: akwai wata jijiyar ta ɓangaren ƙaramin yatsa, su biyun suna haɗuwa a tafin hannu kamar baka, in ɗaya ta rufe ɗayar ta ɗauki nauyi. Likita ya ce mai yiwuwa wani ƙaramin reshe ne ya yi ta tsiyaya tun daga Abuja, toshewar kuma tana samun wanda ya kiyaye kowace doka, don haka kada in ɗora wa kaina. Na gode masa, amma na san iyakar wannan sassauci. Tsiyayar ba laifina ba ce. Sa'o'in da ta yi tana taruwa a cikin hannun riga, daga Bauchi zuwa Fika, nawa ne.

Na so in ɗauka magana ta ƙare a nan, sai likitan ƙoda ya nuna mini sauran. Mu mutanen Yobe ba baƙin ciwon ƙoda ba ne. Duk wanda ke da dangi a Gashuwa da sauran ƙasar Bade ya san yadda ya addabi jama'a. Mai wankin ƙoda na dogon lokaci yana bukatar a haɗa masa jijiya mai kawo jini da mai mai da shi, kuma tun 1966, lokacin da Brescia da Cimino suka fito da dabarar a New York, wurin da aka fi so a fara shi ne wannan jijiya ta wuyan hannu. Ƙodar Baba ta fara rauni saboda sukari. Likitan ya dafa damansa, ya dafa hagunsa, ya rubuta a katinsa cewa a kiyaye hannun hagu, kada a riƙa huda shi barkatai. Ba a kai ga wanki ba, muna roƙon Allah kada a kai. Amma cikin ƙofofi biyu da yake da su a wuyan hannu, saura ɗaya.

Sai bayan sallar azumi na sami ƙarfin halin gaya masa abin da na rage a ranar farko. Yana zaune a zaure yana ɗinkin hula, a hankali fiye da da, domin hannun kan gaji da wuri. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba. Can ya ce, "Na sani. Na ga bakin yaron nan ya daɗe yana motsi, naka kuwa bai daɗe ba." Ya ja zare ya ƙulla. "Shekara hamsin ina ɗinki. In mutum ya kawo yadi na ga ba zai isa ba, kafin in sa almakashi nake gaya masa, ko da ransa zai ɓaci, don rigarsa ce. Da ka faɗa mini, da ban fasa ba. Kuma da tun a Bauchi na nuna maka."

Ina koyar da darasin fassara ga 'yan aji uku, na kuma shekara ina gaya musu cewa mai fassara yana da 'yancin ya sassaƙa zance domin ya zauna daidai a kunnen mai sauraro. Ban janye wannan ba in ana batun waƙa. Amma yanzu nakan ware mako guda in kawo musu kwafin takardar sallamar Baba, na goge sunaye, in ce su mai da ita Hausar da kakarsu za ta gane, ba ragi ba ƙari. Sukan sha wuya, domin Hausa na kiran hanyar jini da hanyar ji da igiyar tsoka duk da suna ɗaya, jijiya, sai an yi dabara kafin a rarrabe. Wannan aiki namu ne, mu na sashen Hausa, kafin ya zama na likitoci. Kusan kowane ɗalibi da ke karanta wannan mujalla shi ne ɗan bokon gidansu, kuma ko ba jima ko ba daɗe za a zaunar da shi tsakanin likita da wani tsoho, a ce masa, "Me ya ce?" Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai dai kunnen da ake nufi na mai jikin ne.

A zuwanmu Abuja na ƙarshe, likita ya yi bayanin sabon magani na tsawon minti uku, ni ma na yi minti uku. Baba ya sa na tambaye shi ko maganin na taɓa ƙoda, da ko zai iya azumi da shi, da kuma ranar da za a rage masa ƙwayoyin. Da muka fito ya ce mu nemi masauki, sai jibi za mu kama hanya. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon riƙe amanarsu.